Habiba Mai Dawo da Fuskokin da Ruwa Ya Ci

Idan hantsi ya ɗaga, rana ta haske kan dutsen Dala a Kano, duk mai zama a bakin lungun da ya ratso daga Zaitawa zuwa Koki ya san wucewar Malama Habiba. Ba ta sauri, ba ta kuma tsayawa dogon surutu. Hijabi ruwan toka, 'yar jaka a kafaɗar hagu, hannun dama kuwa yana cikin hijabin, a manne da ciki kamar mai ɓoye ƙwai. Ta gaida mai ƙosai, ta gaida dattawan kan dakali, ta shige shagon ɗaukar hoto na Kawu Ilu. Ta wuce samarin da ke jiran fasfo, ta ɗaga koɗaɗɗen labulen nan, ta shiga 'yar ƙuryar da ta cinye mata ƙuruciya. Ba wani abin kirki a ciki: tebur, kwamfuta, na'urar da ke kwafe hoton takarda ta zuba shi cikin kwamfutar, sai kujeru biyu, ɗaya tata, ɗaya ta wanda ya kawo hoto. In akwai wuta, to madalla. In babu, Kawu Ilu ya fita ya yi ta kokawa da janareta yana mata faɗa da Fulatanci, wai da Hausa ba ta ji. Kafin injin ya tashi, Habiba ta tsiyayi ruwan ɗumi daga filas ta tsoma hannun a roba, tana motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya har su yarda su buɗe.

A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ba tsufa ba ne, don ko furfurar kirki ba ta yi ba. Hannu ne ya ce ya gaji. Na san babu mai kafa mata rumfa, babu mai kiran maroƙi, sunanta kuma ba zai fito a rediyo ba. Shi ya sa na ce bari in faɗa tun tana raye tana ji, ko da za ta yi fushi da ni, don Habiba ba ta son yabo ko a bayan idonta.

Kawu Ilu ƙanin mahaifiyarta ne, Bafulatanin birni, irin waɗanda rabonsu da saniya sai a kwanon miya. Da ya ga matan aure suna ƙin kawo hotunansu na biki, don ba mai son wani ƙato ya ƙura wa hotonta ido ba mayafi, sai ya tura Habiba ta koyo kwamfuta, ya kafa mata labule. Shi ke nan kasuwa ta buɗe. Kalandar biki, sitika, hoton suna, duk bayan labule ake kai su. Kowa kuma ya san abin da ake so a hoton biki a garin nan: a haska fuska, a share ƙuraje, a goge tabo, a miƙe hanci in da hali. Habiba ta ƙware har ba a magana. Ta riƙe ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, wanda suke kira mawus, ta shafa sau ɗaya, fuska ta koma sumul. Kai, ko kakar ango ce ta shiga hannunta, sai ta fito ana tambayar 'yar gidan wane ce.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Wanda ya zauna Kano a lokacin ba sai an tuna masa ba. Ƙarar bama-baman da ta girgiza gari ranar wata Juma'a, dokar hana fita, shinge a kowace kwana, a sauke ka a laluba ka, daga baya ma aka hana acaɓa. Biki ya ja baya, wanda aka yi ma a takure aka yi shi. Can gabas kuwa abin ya fi nan muni nesa ba kusa ba. Har layin waya aka yanke a Barno na wani lokaci, mutum ya yi ta kiran ɗan'uwansa har ya gaji, shiru. Sai ga mutane sun fara sauka a Kano a motocin kifi da na tattasai, wasu ko takalmi babu. Barebarin cikin birni, waɗanda kakanninsu suka zo da fatauci da karatu tun zamanin da, suka buɗe zaurukansu da ɗakunansu, aka yi ta matsawa ana ba baƙi wuri.

A cikinsu Ya Bintu ta zo. Dattijuwa ce doguwa, baƙa, ta sauka a gidan wani malami ɗan garinsu a Zaitawa. Garin nasu yana bakin kogi ne, kusa da iyakar Nijar. Ranar da 'yan bindiga suka shigo musu, kowa ya nufi ruwa. Ɗanta Babagana, magidanci mai sana'ar wankin hula, shi ya ɗora ta a kwale-kwale, ya ce ta yi gaba, zai koma ya ɗauko wani makaho maƙwabcinsu ya biyo ta. Ta haye. Ta zauna a ɗaya gaɓar tana duban ruwa, rana ta faɗi, ta fito, ta sake faɗuwa. Bai zo ba. Ba ta ga gawa ba, ba ta kuma sami mai cewa ya gani ba. Shi kaɗai gare ta a duniya. Abin da ta fito da shi nasa hoto ne guda, ƙulle a bakin zane. Ruwa ya jiƙa shi, rana ta busar, ya naɗe, ya tsattsage.

A lokacin an fara wata irin cigiya. A buga hoton wanda ya ɓata da lambar waya a ƙasa, a ba direbobi da fatake, su manna a tasha, su kai sansanonin 'yan gudun hijira har tsallaken iyaka. Amma hoton Ya Bintu ko mutum ne ko inuwa, sai an ƙura ido. Wata mata ta ce mata akwai yarinya a Koki da ke tayar da mataccen hoto.

Kun san Fulani da Barebari, abokan wasa ne, ba sa haɗuwa su rabu ba a yi tsiya ba. Kawu Ilu kuwa ba Babarbaren da ya taɓa shiga shagonsa ya fita lafiya. Yana hango tsagar fuskar Ya Bintu a ƙofar shago ya gyara zama, ya buɗe baki zai fara. Sai ya dubi idonta. Ya mayar da bakinsa ya rufe, ya ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah. Shiga daga ciki."

Habiba ta karɓi hoton, ta ce a dawo gobe. Ta zauna a kansa wuni guda. Washegari ta miƙa sabo fil tana murmushi, don ita kanta aikin ya burge ta. Ya Bintu ta karɓa da hannu biyu, ta matsa bakin labule inda haske yake. Ta daɗe tana kallo.

"Kyakkyawa ne," in ji ta, cikin Hausarta mai nauyin Barbarci. "Allah ya raya wa uwarsa shi. Ina nawa?"

"Ai shi ne wannan, Ya Bintu. Gyara shi na yi."

"A'a, 'yata. Nawa baƙi ne. Nawa yana da tsaga irin tawa. Yana da tabo a gira, inda jaki ya harbe shi yana yaro. Wannan, ko ni da na haife shi, in muka gamu a hanya wuce shi zan yi. To wa zai gane shi a tasha?"

Habiba ta ce ba ta taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Wallahi ba mugunta ta yi ba, hannu ne ya yi abin da ya saba. Tsagar Barebari siririya ce, doguwa, ta sauko bisa kunci. Karyewar takarda ma siririya ce, doguwa. Ta haɗa su duka ta share, ta ƙara masa haske irin na angwaye, ta cike girar. A ɗakin da ake biyan mutum don ya ɓoye tabo, an kawo mata aikin da tabon shi ne komai.

Ta leƙa waje ta ce, "Kawu, a ba ni kujera ɗaya." Ranar kujera ta biyu ta shiga ɗakin nan. Ta zaunar da Ya Bintu kusa da ita, ta dawo da ainihin hoton a fuskar kwamfuta, ta buɗa shi har kunci ɗaya ya cika allon. Dattijuwar da ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba ta miƙa yatsa.

"Wannan tsaga ce. Wannan ruwa ne. Wannan ma ruwa. Wannan kuwa bar shi, nasa ne."

To a nan aiki ya canza. Babu sauran shafa sau ɗaya. Ɗigo-ɗigo ake yi: ta ɗebo launin fata daga gefen da bai lalace ba, ta ɗiga a inda ruwa ya ci, ta kauce wa tsagar da ke kusa, ta sake ɗebowa. Yatsa yana danna mawus ba hutawa, wuyan hannu a lanƙwashe bisa kaifin tebur, gwiwar hannu tana reto a iska, don teburin dogo ne, tun asali na kantar shago ne, kujerar kuwa ta roba ce gajera. Sun yi kwanaki a haka. Ranar da aka gama, Ya Bintu ta ɗora tafinta a kan allon, ta yi wata magana da Barbarci a hankali. Habiba ba ta ji ma'anar ba, ba ta kuma tambaya ba.

Da za ta fita, ta tsaya gaban Kawu Ilu ta ce, "Kai Bafulatani, 'yarka ta so ta mayar min da ɗa Bafulatani, Allah ya tsare."

"Ai da ta taimake shi, ya huta," in ji Kawu. Ya ce dariyar da ya yi ranar rabinta kuka ne. Lambar wayarsa aka buga a ƙasan hoton, don Ya Bintu ba ta da waya.

Labari ya bazu a zauruka. Mata suka fara layi a bakin labule, kowace da abin da ta tsira da shi ƙulle a zane: hoton fasfo, rabin katin shaida, hoton Sallah da wuta ta lashi gefensa. Habiba ta kafa doka guda, ba ta taɓa karya ta ba: ba ta taɓa hoto sai mai shi yana zaune a kujera ta biyu. Ita ba ta san mutumin ba, uwarsa ko matarsa ce ta san shi. Wushirya, karyayyen haƙori, kunnen da ya ɗan lanƙwashe, baƙin sallah a goshi, duk abin da a da take sharewa yanzu shi take lallaɓawa. Kuma kafin a gama kunci ɗaya an ba ta tarihin mutum kaf, abincin da yake so, da maganar ƙarshe da ya yi.

Malam Isyaku mai banda, wanda ya yi ta jigilar hotunan nan cikin kwalayen kifinsa, yana nan da ransa, ku tambaye shi. Ya ce da idonsa ya ga wata yarinya a wani sansani a tsallake ta tsaya gaban hoton da ya manna a jikin bishiya, ta ce, "Wannan tsohon mai lanƙwasasshen kunne ai yana bayan rumfar masu awo." Aka je, ga shi kuwa zaune, ya daɗe da fid da rai da 'ya'yansa. Ya ce wani hoton kuma wani dattijo ne ya gane shi, ya ce shi ya yi wa mai shi wanka, ya nuna inda aka binne shi. Aka kawo wa matar labari a Koki. Ta yi kuka, sannan ta zo har bayan labule ta yi godiya, don ta daɗe ba ta san ko ita matar aure ce ko mai takaba ba. Ranar ta shiga takabarta.

Ke ce, Habiba, kika zauna da matan da kowa ya gaji da jin labarinsu. Ke ce kika kalli fuskokin da ba ki taɓa gani a raye ba har kika san su kamar 'yan ɗakinku. Mu muna wucewa ta ƙofar shagon, mu ga layi, mu ce Allah sarki, mu yi gaba. Ke kika tsaya. 'Yar Fulani mai tsaron tsagar Barebari, sannu da aiki.

Ciwon a hankali ya shigo. Da fari tsami ne a wuyan hannu da yamma, ta yarfe hannun ta ci gaba. Sai ya hau gwiwar hannu, ya zama zugi. Sai babban yatsa da na kusa da shi suka fara sagewa, wani lokaci kamar ana tsira mata allura. Daga nan ya kama kafaɗa har gefen wuya. Wata rana tana kwasar miya ludayi ya suɓuce mata. Wata rana buta. Abin da ya fi ƙona mata rai, ta zaunar da 'yarta za ta yi mata kitson Sallah, ta ja layi biyu yatsu suka ƙi, sai gidan maƙwabta aka kai yarinyar. Habiba ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Magani kuwa, wane ne ba a yi ba? Man zafi har fatar ta saɓule. Mai ɗori ya murza ya ce targaɗe ne. Wanzami ya kafa ƙaho a kafaɗa. 'Yardada, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, ta rantse iska ce. "Yo mutum ya wuni yana ƙura wa fuskar matattu ido, me kuke jira?" in ji ta. Habiba ta ce, "Iya, wa ya ce miki sun mutu? Nema ake yi." Aka sha rubutu, aka yi tofi, hannu dai yana nan yadda yake. Daga ƙarshe mijinta Malam Sule ya sa ta a adaidaita ya kai ta asibiti, aka tura su wajen masu gashin ƙashi.

Likitar mace ce, ba ta da wasa. Ta lanƙwasa wuyan hannun, ta ƙwanƙwasa wani wuri, Habiba ta zabura.

"Malama, aikin me kike yi?"

Ta faɗa mata.

"Nuna min yadda kike zama."

Ta nuna. Likitar ta riƙe baki. "Haka kike wuni, hannu a sama? Jijiya ce kika takura, ta kumbura. Ba iska ba ce, ba targaɗe ba ne. A rage tsawon teburin nan, hannu ya samu inda zai kwanta. Ki riƙa tashi kina miƙewa akai-akai. Ga abin ɗaure wuyan hannu. Amma maganin gaske hutu ne. Ki ajiye aikin nan na wasu watanni."

"Likita, akwai layi."

"Layin zai ba ki wani hannun?"

Kawu Ilu ya kira kafinta aka yanke ƙafafun tebur, aka sayo kujera mai hannu, aka sa ɗan matashi. Duk an yi, sai dai an yi a makare. Hutun kuwa, ta gwada. Ta yi 'yan kwanaki a gida, sai aka ce mata wata mata ta zo daga nesa da hoton 'ya'yanta, ta wuni a bakin labule ta koma. Washegari sai ga Habiba a lungu. Ta mayar da mawus ɓangaren hagu, ta fara koyo kamar 'yar aji ɗaya. Kawu yana leƙowa yana cewa, "Oh, ni Ilu, a zuriyarmu dai ba bahago." Aikin wuni ya koma na kwana uku, amma layi ya ci gaba da tafiya.

Ya Bintu fa? Allah sarki. An sami na wasu, an ji labarin na wasu, nata shiru. An taɓa kira aka ce an ga mai kama da shi a wani gari, Malam Isyaku ya bi sawu, ashe wani ne. Shekaru suka ja. Ƙura ta ɗan lafa a wasu wuraren, baƙi da yawa suka koma gida, har malamin da ya sauke ta ya ce ko za ta bi ayari. Ta ce a'a. Lambar da ke jikin hoton ta Koki ce, in Babagana ya kira, a Koki zai neme ta. Kawu Ilu kuwa wayarsa ta tsufa har sai da ya ɗaure ta da roba, an sauya ta, an sake sauyawa, amma layin bai taɓa barin ya mutu ba. Ko sallah zai shiga, sai ya miƙa wa wani ya ce a riƙe masa, kada a kira ba kowa.

Duk Juma'a bayan an sauko, Ya Bintu takan zo da man kaɗe a ɗan gwangwani. Ta zauna a kujera ta biyu, ta ɗora hannun Habiba a cinyarta, ta murza tun daga yatsu har kafaɗa. Ba ta tambaya ko an kira. Tana shigowa take duban fuskar Kawu, ta samu amsarta, ta wuce ciki. Tana murzawa tana ba da labarin Babagana: yadda yake jera huluna a rana bisa ƙoƙon itace, yadda ba ya cin tuwo sai da yaji, yadda yake kiranta tun daga zaure. Habiba ta ce akwai ranar da ta ji sallama a waje gabanta ya faɗi, ta ɗauka shi ne, mutumin da ba ta taɓa jin muryarsa ba.

A bana hagun ma ya fara. Likitar ta ce wannan karon ba shawara take bayarwa ba. In Habiba tana so nan gaba ta iya kai loma bakinta da kanta, ta bar kwamfuta, bari na har abada. Malam Sule ya sa baki, Kawu ya sa baki, ta amince.

Da labari ya kai Zaitawa, sai ga Ya Bintu ranar da ba Juma'a ba, kuma ba gwangwani a hannunta. Ta zauna tana murza bakin mayafi.

"'Yata, na ji an ce kin gama. Na zo da roƙo, kuma ina jin kunyarsa. In kin ce a'a, wallahi ba komai."

"Faɗi, Ya Bintu."

"Hoton nan da ke yawo, tun yana saurayi aka ɗauke shi. Babagana yanzu ba haka yake ba. Shekarun da suka bi ta kaina sun bi ta kansa. Wataƙila mutane suna wuce shi kullum, suna neman yaro. Ki sa masa furfura."

Habiba ta dubi hannayenta biyu a kan cinya. Ta san abin da likita ta ce, ta san kuma abin da za ta ji a gida. Ta ce, "Ya Bintu, ban taɓa yi ba. Ni cirewa na iya. Ina zan san yadda ya manyanta?"

"Ki dube ni. Ni ya ɗebo, ba ubansa ba."

Haka aka yi. Malam Sule ya yi faɗa, ya gaji, ya ce to kaɗan-kaɗan, in ya ji ta wuce ƙa'ida da kansa zai zo ya kashe janareta. Kullum da hantsi Ya Bintu ta zauna a kujera ta biyu, ta juya fuskarta wajen haske, ta tsaya cik. Habiba ta dube ta, ta dubi allo. Ta ga inda kuncin uwar ya faɗa, ta faɗar da na ɗan. Ta ga yadda tsaga take nutsewa cikin tamoji idan fata ta saki, ta bi ta a hankali. Ta sa layukan goshi, ta zurfafa ido, ta yayyafa fari a gemu da gefen kunne. In hagu ya sage ta koma dama, in dama ya ɗauki zugi ta tsoma shi a ruwan ɗumi ta jira. Ta hana Ya Bintu kallon allon har sai an gama. Aikin da a da ba zai wuce wuni biyu ba ya ci makonni.

Ranar da ta juyo mata da allon, Kawu Ilu yana tsaye a bakin labule, shi ya ba ni labari. Ya ce Ya Bintu ta matso kusa da allon. Can ta ce, a hankali, "Babagana. Ashe haka ka zama, ban gani ba." Hawaye yana bin tsagarta yana sauka. Sai ta ce, "'Yata, rage masa kaɗan. Ya yi yawa. Ban shirya ganinsa haka ba."

Habiba ba ta yi musu ba. Ta miƙa hannu wajen mawus. Kafin ta kai, Ya Bintu ta cafke wuyan hannun.

"A'a. Bar shi. In kika rage, wa zai gane shi?"

Ta ci gaba da riƙe hannun. Ta ji zafinsa, ta ji kumburin. Ta juya shi ta duba, kamar ranar ta fara ganinsa, ita da ta yi shekara da shekaru tana murza shi. Ta ɗauke shi daga kan tebur ta ɗora a cinyarta, ta rufe da nata.

"Ya isa haka," in ji ta. "Kin gama, 'yata. Sauran nawa ne da Allah."

Malama Habiba, mun gode. Madadin matan da suka zauna a kujerar nan, da waɗanda aka gano, da waɗanda aka san makwancinsu, da waɗanda har yau ake jira, mun gode. Allah ya ba ki lafiyar hannuwanki, ya sa ki yi wa jikokinki kitso da su. Ku kuma 'yan baya da ke zaune gaban kwamfuta a shaguna da ofisoshin garin nan, ku gyara zamanku tun hannu bai fara magana ba, ku riƙa tashi kuna miƙewa, kada ku jira sai ludayi ya faɗi. In an kawo muku aikin wanda ba shi da kowa, ku jawo masa kujera ya zauna kusa da ku, ku tambaye shi abin da za a bari.

Malam Isyaku ya tafi da sababbin hotunan makon jiya. In hanya ta bi da ku tasha, kuka ga hoton wani dattijo baƙi mai tsaga da tabo a gira, don Allah ku ɗan tsaya ku duba da kyau. Uwarsa tana Zaitawa, ba ta koma gida ba.